Harafin da Ya Fito Sau Biyu

Kafin Sale, ta Jahun,
Jihar Jigawa.
14 ga Oktoba, 2000.

Zuwa ga yayana Malam Davou,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Maman Alheri, da ita Alheri da ƙannenta. Yaya sanyin Bukuru, yaya kuma sabuwar makaranta? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. An yanke gero, dawa ma ta kusa. Kubura tana gaida Maman Alheri, ta ce a gaya mata har yau ba ta sami mai yi mata kitso irin nata ba.

Ka yi haƙuri da shirun da na yi. Wata shida ke nan da tashinku, adireshinka yana cikin aljihuna, kullum sai in ce gobe. Na san ba wanda ya ce ku tashi. Bayan abin da ya faru a Kaduna ne surukanka suka matsa, ga kuma maganar shari'a da ake ta yi ba wanda ya san yadda za ta kasance. An ƙaddamar da ita a Dutse a watan Agusta, an taru lafiya an watse lafiya. Gidanku na nan a rufe, in na wuce da safe sai in ga kamar zan ji rediyonka.

Ga wani labari da zai ba ka dariya. Ka tuna ranar da kuke ɗaure kaya ka miƙo mini baƙin littafinka mai bangon kwali, ka ce in ajiye wa duk wanda za a turo ya koyar da lissafi a gurbinka? To, ba a turo kowa ba. Firinsifal Malam Abdulrauf ya je Dutse sau uku, kullum a ce ya ƙara haƙuri, malaman lissafi sun yi ƙaranci. Da aka dawo hutu ya kira ni ofis ya ce tunda a darasin aikin gona ana auna fili ana lissafa taki, ni ne na fi kusa. Ya ɗora mini 'yan matan aji shida, masu jarrabawar fita a bana. Ni da ka sani, wanda da kyar ya tsallake lissafi a kwaleji! Ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Littafinka ne ya rufa mini asiri. Ban taɓa buɗe shi ba sai ranar. Na ga yadda ka tsara shi, Turanci a shafin hagu, bayani da Hausa da jan biro a shafin dama. Daga babin fomula na fara, tunda ka rubuta a gefe cewa a nan ka tsaya da su.

Na bi yadda ka ce. Na fitar da su lambun makaranta da igiya, suka auna tsawo mita talatin, faɗi mita goma sha takwas. Na ce su gaya mini wayar da za ta zagaye lambun, suka ce mita casa'in da shida. Na ce to su faɗa mini yadda suka yi ba tare da ambaton lamba ba. Suka yi ta gardama har suka kai ga cewa a haɗa tsawo da faɗi a ninka biyu. Da muka koma aji na rubuta Z = 2(t + f) a allo, wata ta ce, "Au, ashe fomula magana ce aka gajarta!" Wallahi ni ma ranar na fara sanin haka.

Amma abin da ya fi shiga ransu shi ne misalinka na huhun goro, wajen juya fomula. Harafin da ake nema shi ne goron, an naɗe shi da ganye, an ɗaure da igiya, mai kwancewa kuma da abin da aka ɗaura a ƙarshe yake farawa. A v = u + at, in ana neman t, an fara ninka shi da a, wannan ganye ne, sannan aka ƙara u, wannan igiya ce. Sai a ɗebe u tukuna, sannan a raba da a. Yanzu ko a hanyar ɗakin cin abinci sai ka ji suna cewa, "Ke, kwance igiya tukuna!"

Makon jiya wata jami'ar duba makarantu, Hajiya Halimatu Sa'adiya, ta zo daga Dutse ta zauna a bayan ajin har aka tashi. Ta yaba ƙwarai. Ta yi mini 'yan tambayoyi, na amsa mata.

Na kwafe littafin da hannuna cikin wani sabo, domin bangon naka ya fara rabuwa. In kana bukatar naka ka faɗa, in ba direban da ke zuwa Jos.

Ka gaida mutanen gida duka. Allah ya bar zumunci.

Naka ƙaninka,
Muntaka.

Kafin Sale,
20 ga Janairu, 2001.

Yayana Malam Davou,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ina yi muku barka da Kirsimeti da sabuwar shekara, ko da yake na makara. Bana bikinku da ƙaramar sallarmu kusan tare suka zo. Kubura ta yi ta cewa da kuna nan da an rasa kwanon wa ke gidan wa.

Wasiƙarka ta iso tun kafin azumi, na gode. Na ji daɗi da ka ce in riƙe littafin. Ka ce bai cika ba, akwai babi na ƙarshe da ba ka rubuta ba domin da ka kake koyar da shi, wato inda harafin da ake nema ya fito sau biyu a cikin fomula, ka ce in ina so ka zauna ka rubuto mini. Kada ka wahalar da kanka, ga aikin sabuwar makaranta a kanka. Wannan na gane shi, muna tafiya daidai.

Wani ɗan labari kuma. Za a yi taron bita na malaman lissafi a Dutse bayan babbar salla, an ce in je in yi ɗan bayani a kan yadda muke koyar da fomula a nan. Ba wani babban abu ba ne. Malam Abdulrauf sai murna yake, har ya faɗa a taron makaranta. An karɓi sabon littafin da na kwafa za a gurza wasu shafuka a raba wa mahalarta.

Ina sauri ne, mai kai wasiƙu gidan waya yana jira. Sai na sake rubutowa.

Naka,
Muntaka.

Kafin Sale,
18 ga Maris, 2001.

Zuwa ga Malam Davou,

Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka, da fatan kowa yana lafiya. Mu ma jikinmu lafiya. Ban rubuta "yayana" a sama ba domin ban sani ba ko za ka yarda in ci gaba da kiran ka haka in ka gama karanta wannan. Takarda ta uku ke nan, biyu na yayyaga.

Wasiƙu biyu na aiko maka, kuma a cikin kowacce akwai abin da na ɓoye.

Ranar da Hajiya Halimatu ta zo ajina, tambayar da ta yi mini ita ce, "Malam, wannan dabara ta huhun goro a ina ka samo ta?" Firinsifal yana tsaye a gefe. Shekara tara ina koyarwa ba wanda ya taɓa zama a ajina ya ce na yi daidai. Na buɗe baki da niyyar in ambaci sunanka, sai na ji na ce, "Hajiya, ni na ɗan zauna na tsara." Ta ce madalla. Daga nan komawa baya ya yi mini wuya. Kwafe littafin da na yi ma ba don bango ba ne, bangonsa lafiyarsa ƙalau. Na kwafe ne don in an ce in kawo a ga rubutuna.

Da ka ce za ka rubuto mini babin ƙarshe kuwa, na ce maka na gane. Ban gane ba. Ban ma san abin da kake nufi ba sosai. Na ji nauyin in karɓi ƙari daga hannun mutumin da na riga na yi wa sata.

Ranar Laraba aka yi bitar, a wani babban ɗakin taro a Dutse. Malamai sun kai saba'in, daga Gumel, Haɗeja, Kazaure, Birnin Kudu, ko'ina. An raba takardun da aka gurza, shafi goma sha biyu, a saman na farko an buga sunana da manyan baƙaƙe. Kalmominka ne tun daga farko har ƙarshe, har da wurin da ka rubuta "kada ki yi gaggawa".

Na yi bayanin haɗa fomula da misalin lambu, na yi na saka lamba a gurbin harafi, na zo kan huhun goro. Aka yi dariya, aka tafa. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi. Na tsaya a gaban allo ina jin kamar da gaske ni ne.

Sai wani dattijo ya ɗaga hannu, Malam Ɗanmusa, wanda aka ce ya shekara ashirin da shida yana koyar da lissafi. Ba da mugunta ya yi ba, na rantse. Ya ce dabarar ta burge shi, zai kai wa ɗalibansa, amma yana so in nuna masa yadda ake yi da ita a irin wannan. Ya taso ya rubuta y = (x + 3)/(x − 2), ya ce a fitar da x.

Na duba na ga x a sama, ga x a ƙasa. Goro biyu. Ban san wace igiya zan fara kwancewa ba. Na ninka gefe biyu da abin da ke ƙasa, wannan na iya. Na buɗe baka, wato na ninka y da x − 2, na samu xy − 2y = x + 3. Daga nan kaina ya tsaya. Na ɗebe uku, na rubuta x = xy − 2y − 3, na ja layi biyu a ƙarƙashi, na juyo na ce, "Shi ke nan."

Malamai suka fara duban juna.

Malam Ɗanmusa ya ce a hankali, "To Malam, in y biyu ne, x nawa ne?" Na saka biyu, na samu x = 2x − 7. Ga x nan dai a gefe biyu yana kallona. Wani a baya ya ce, "Goron bai fito ba." Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai, kuma na masu sunkuyar da kan ya fi yi mini ciwo. Ban san minti nawa na yi a tsaye ba.

Dattijon nan ya karɓi allin ya ce wataƙila gajiya ce, tun safe nake magana. Ya kwaso duk masu x ya tara su a hagu, ya kai marasa x dama, ya zaro x waje, ya raba. Layi uku. Ya samu x = (2y + 3)/(y − 1). Ya saka biyu ya samu bakwai, ya mayar da bakwai cikin ta farko, goma a raba da biyar, ga biyu ta dawo. Ya ce dabarar Malam Muntaka tana da kyau, sai dai a ƙara mata wannan. Har a lokacin yana kiran ta tawa, ni kuwa ina tsaye ban gyara masa ba. Hajiya Halimatu tana layin gaba, ba ta dube ni ba, takardar da aka raba take ta juyawa.

Amma Malam, ba wannan ne ya hana ni sakewa ba. Lokacin da yake rubuta layukan nan uku, wata fuska ce ta zo mini.

Ka tuna Ikilima, 'yar Buji, siririya mai zama kusa da taga? A watan Nuwamba ta zo da tsohuwar takardar jarrabawar fita ta wata shekara, ta ɗaga hannu ta ce ta gwada huhun goro a wata tambaya ya ƙi. Na karɓa na duba: k = (m + n)/(m − n), a fitar da m. Irin wannan ce sak. Na duba na sake dubawa, 'yan mata arba'in da biyu suna jira. Maimakon in ce ban sani ba zan bincika, sai na ce kuskuren bugu ne, ba a tambayar irin wannan. Ta ce, "Malam, ai na ga irinta a ta wata shekarar ma." Na daka mata tsawa. Na ce ta fi son nuna kai da karatu, in ta fi ni sani ta zo ta karɓi allin. Ta zauna. Tun daga ranar ba ta sake ɗaga hannu a ajina ba, ni kuma har na ji sauƙin hakan.

Saura wata biyu da 'yan kwanaki su shiga jarrabawa. Na gaya wa yara arba'in da biyu cewa tambayar da za ta iya fito musu babu ita a duniya, don kawai kada a ga gazawata.

Ban tsaya cin abincin taron ba, na nufi tasha na hau motar Jahun. Da na iso gida Kubura ta ga fuskata ta tambaya, na gaya mata duka. Ta ce, "Matar Malam Davou ce fa ta kwana uku a kaina a asibitin Jahun lokacin da na kusa tafiya. Da wane ido zan dube ta?" Ta ɗauko biro da takarda ta ajiye a gabana.

Ban ce ka yafe mini ba, domin ban ga da wane baki zan roƙa ba. Abu ɗaya nake roƙo, ba don ni ba. Ka rubuto babin nan. Na kwafo layuka ukun Malam Ɗanmusa, ina iya maimaita su, amma in aka canja haruffa ban tabbata zan iya ba, kuma na gaji da koyar da abin da na haddace ban fahimta ba.

Ka gaida Maman Alheri, in ka ga ya dace ta ji daga gare ni.

Muntaka.

Kafin Sale,
28 ga Afrilu, 2001.

Yayana Malam Davou,

Na mayar da kalmar "yayana" tunda ka ce in ban mayar ba ba za ka karanta ba. Gaisuwa mai tarin yawa gare ka da Maman Alheri da yara, da fatan kun yi Ista lafiya. Nan zafi ya kai matuƙa, ana ta gyaran gonaki ana duban gabas. Kubura ta karɓi saƙon Maman Alheri, ta karanta ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ba ta gaya mini abin da ke ciki ba, amma da ta fito ta dafa shinkafa da wake.

Ambulan ɗinka ya iso ranar huɗu ga wata, shafi tara da tambayoyi arba'in na gwaji. Na nemi faɗa a ciki ban samu ba. Da ka zage ni da na fi samun sauƙi. Layi ɗaya kawai ka rubuta a kan abin da na yi, cewa ka ji zafi kwana biyu, amma misalin goro ba ya cin jarrabawa, yarinyar nan ce za ta ci ko ta faɗi, in je in same ta.

Na fara da Dutse. Na sami Hajiya Halimatu a ofis na ajiye mata baƙin littafinka da sabon babin, na faɗa mata komai. Ta buɗe littafin ta daɗe tana duba jan bironka. Ta ce, "Malam Muntaka, da ka gaya mini gaskiya ranar, da kai ɗin dai zan gayyata, domin ajin da na gani kai ke koyar da shi." Ta ce za a gurza sabon babin a aika wa duk waɗanda suka halarta, da sunanka a sama da bayanin cewa na farkon ma naka ne. Ba ta ce in zauna ba har na fito. Malam Abdulrauf kuma da na gaya masa ya ce na ba makaranta kunya, yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ban ga laifinsa ba.

Na yi mako biyu a kan shafukanka kafin in yarda in tunkari ajin. Inda ka ce a dubi xy − x kamar buhu biyu da aka zuba wa hatsi iri ɗaya, a nan kaina ya buɗe. Na yi talatin daga cikin tambayoyin, kowacce na gwada ta da lamba kamar yadda ka ce, in ga ko amsar za ta dawo.

Ranar Litinin da ta wuce na shiga aji shida. Suka miƙe suka gaishe ni, na ce su zauna. Na rubuta tambayar Ikilima a allo. Na ce musu a watan Nuwamba na ce wannan kuskuren bugu ne, ƙarya na yi, tambaya ce sahihiya kuma tana iya fitowa, ban iya ta ba ne a lokacin. Na ce littafin da nake koya musu da shi na Malam Davou ne. Sannan na kira sunan Ikilima na ce na zalunce ta a gaban 'yan'uwanta, a gabansu nake ba ta haƙuri. Ban iya duban kowa ba sai bangon baya.

Na ɗauka za a yi surutu ko dariya. Ba wadda ta motsa. Ikilima ta miƙe, kanta a ƙasa, ta ce, "Malam, ba komai. Na san ba kuskure ba ne."

Ta buɗe jakarta ta kawo mini wani littafi. Shafi goma sha ɗaya ta cika a kan tambayar nan guda, da kwanan wata a saman kowane shafi, duk a hutun azumi. Ta fara da saka lambobi tana gwadawa, ta soke, ta sake, ta soke. A shafi na goma ta tara masu m a gefe guda. A na sha ɗaya ga amsa, m = n(k + 1)/(k − 1), ta zagaye ta da biro har takardar ta huje. Ba wanda ya nuna mata. A gidansu ba wanda ya wuce firamare.

Na ce, "Sauran fa?" Wata daga baya ta ce ai tun da aka dawo hutu Ikilima take koya musu duk ranar Asabar a ƙarƙashin darbejiyar bayan ɗakin kwana. Na ce duk wadda ta iya ta ɗaga hannu. Hannu talatin da biyar na ƙirga.

Malam, wata huɗu ke nan duk ajin sun san ƙarya na yi. Wata huɗu suna miƙewa kowace safiya suna gaishe ni, suna rubuta abin da na faɗa, sun ji ana sanarwa a taron makaranta cewa za ni Dutse in koya wa malamai, ba wadda ta ko yi murmushi. Na tambayi Ikilima me ya sa ba ta gaya mini ba. Ta ce, "Malam, ai kai malaminmu ne." Kunyar Dutse ba ta kai rabin wannan ba.

Na miƙa mata allin. Ta ƙi karɓa, ta ɗauka irin na wancan karon ne. Na ce wallahi da gaske nake, akwai bakwai da ba su iya ba tukuna. Na je na zauna a bencinta kusa da taga, gwiwoyina suna dukan teburin. Ta fara da murya ƙasa-ƙasa, kafin ta kai layi na uku ta manta ina wurin. Ta fi ni iya bayani nesa ba kusa ba. Har ta nuna wata gajeriyar hanya ta gane inda alamar ɗebewa ke juyewa, wadda babu ita a shafukanka, na kwafa a littafina.

Jarrabawar lissafi saura mako biyar. Mun raba aiki, ni da safe, ita ranar Asabar, ni ma zan riƙa zuwa in zauna a gefe. Na gaya wa Hajiya Halimatu labarin Ikilima a rubuce, ko akwai abin da za a yi mata ta wuce gaba da karatu. Ban sani ba ko maganata tana da sauran nauyi a wurinta, amma na haɗa da littafin yarinyar, shi zai yi magana.

Ga tambayoyi goma na ƙarshe na saka a cikin ambulan, ka duba mini da jan bironka, kada ka sassauta. Tara na yi. Ta talatin da bakwai, mai harafi a ƙarƙashin layi har sau uku, ta gagare ni, na bar wurinta fari. Kada ka aiko da amsarta. Ranar Asabar zan ɗaga hannu in tambaya.

Kubura tana gaishe ku, 'yan aji shida ma sun ce lallai in gaida Malam. Allah ya saka maka da alheri, ya sada mu cikin lafiya.

Naka ƙaninka,
Muntaka.